Mama ta ce ni na sace mata kuɗi, kuma kullum tana jiran Baba da ya rasu: gigin tsufa ne ko ciwo?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, yau dai tura ta kai bango. Mahaifiyarmu shekararta 78. Kusan shekara 2 ke nan muna ganin mantuwa a tare da ita, muna cewa tsufa ne. Za ta tambaye ki abu, ki ba ta amsa, kafin ki juya ta sake tambaya, sau biyar sau shida. Daga nan ta fara ɓoye jakarta, ta manta inda ta sa, ta ce an sace. Yarinyar da ke taya mu aiki ta fara zargi, muka sallame ta, Allah ya yafe mana. Yanzu ni ce ɓarauniyar. Ni da nake kwana a ɗakinta.

Wanda ya fi karya min zuciya shi ne maganar Baba. Shekara 6 da rasuwarsa, amma da yamma ta yi sai ta ce, "Babanku har yanzu bai dawo ba?" In na ce ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka aiko mata da saƙon, tana cewa don me aka ɓoye mata. Gobe ma haka. Amma ƙawayenta na yarinta tana lissafo su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa yayanmu yake cewa da gangan take yi.

To kwana 4 ke nan abin ya sauya gaba ɗaya. Ba ta barci, tana cewa ga mutane a ɗaki, jiya kuma ta dube ni ta ce wace ce ni. Don Allah me zan yi?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki lada. Wannan ai gigin tsufa ne, tun kaka da kakanni an san shi. Wanda ya daɗe a duniya sai ya koma yaro. Ba asibiti ake kai wa tsufa ba, haƙuri ake yi da shi.

Ummu Nana:
Allah sarki. Kamar labarin kakata nake karantawa wallahi.

Dakta Rabi:
Maman Ilham, kafin komai: ki kai ta asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Abin shekara 2 daban, abin kwana 4 daban. Ciwon mantuwa a hankali yake tafiya, wata da watanni. Idan tsoho ya rikice farat ɗaya cikin kwanaki, ya daina barci, yana ganin abin da babu, yawanci wani ciwo ne a jiki ya taɓa ƙwaƙwalwar: ƙwayoyin cuta a mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, suga da ya hau ko ya faɗi, ko wani sabon magani da aka fara ba shi. Tsofaffi sau da yawa ko zazzaɓi ba sa yi, ruɗewar ce kaɗai alamar. Wannan ana maganinsa, amma jinkiri yana da haɗari. Ki tattara duk magungunan da take sha, har na gargajiya, ki tafi da su. Ta faɗi kwanan nan ko ta buga kanta?

Maman Ilham:
Ba ta faɗi ba Dakta. Amma da kika faɗa, fitsarinta ya canza wari, kuma sau biyu ya kufce mata, abin da ba ta taɓa yi ba. Bari in kira ƙanena ya kawo mota.

Malam Habu:
Likita, ban ƙi ta taki ba a kan na kwana 4. Amma mantuwar fa? Yanzu tsufan ma ciwo kuka mai da shi?

Dakta Rabi:
Baba, da girmanku, a nan zan ɗan saɓa muku. Kalmar gigin tsufa ita ce ta rufe mana ido, saboda ta haɗa abu biyu a buhu ɗaya. Akwai mantuwar da shekaru ke kawowa: sunan mutum ya ɓace maka, an jima ya faɗo, ka nemi makulli, ka bi sawunka ka gano shi. Akwai kuma ciwo, wanda a likitance ake kira dimenshiya, inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke mutuwa har mutum ya kasa tafiyar da rayuwar da ya saba: ya ɓata a hanyar da ya bi shekara 40, ya kasa ƙirga canji, ya riƙe makullin bai san me ake yi da shi ba.

Da tsufa ne kawai, da duk wanda ya tsufa ya yi. A Amurka, inda aka ƙirga sosai, kusan mutum 1 cikin 3 ne na waɗanda suka haura 85 ke da cutar Alzheimer, irin dimenshiyar da ta fi yawa. Sauran biyun fa? Na tabbata kun san tsofaffi 'yan 90 da hankalinsu garau, har su ke tuna wa jikoki abu.

Kuma matar da aka fara gano cutar a jikinta ba tsohuwa ba ce. Auguste Deter shekararta 51 lokacin da aka kwantar da ita a wani asibiti a Frankfurt ta Jamus a 1901. Bayan ta rasu a 1906, likitanta Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikinsu. Su ne yau ake kira amiloyid da tau. Abu ne da ido ke gani a madubin likita, ba hali ba ne, ba taurin kai ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da dimenshiya, kusan miliyan 10 ke kamuwa da ita duk shekara, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 Alzheimer ce.

Abba Ƙarami:
Dakta to me ya sa take tuna ƙawayen yarinta amma ba ta tuna rasuwar mijinta? Ni ma da na karanta sai da na ce anya yayan nasu ba shi da gaskiya.

Dakta Rabi:
Tambayar da ke raba kan 'yan uwa ke nan, Abba. A Alzheimer, wurin da ciwon ke fara ci shi ne sashen da ke ɗaukar sabon abu ya adana, ana ce masa hipokamfus. Tsofaffin abubuwa an riga an kai su wasu sassan an jibge tun tuni. Ka ɗauka kamar littafi ne da alƙalamin ya ƙafe: shafukan baya suna nan ana karantawa, amma ba a iya rubuta sabo. Daga baya kuma shafukan su fara yagewa daga ƙarshe zuwa farko. Shi ya sa za ta tambaye ka sau shida. A wurinta kowace tambaya ita ce ta farko.

Zargin satar ma daga nan yake. Ta san tana da jaka, ta duba babu, kuma babu ko ɗigon tunawa a kanta cewa ita ta ɓoye. To me ya rage? Wani ya ɗauka. Wa ke kusa? Mai kula da ita. Kusan kullum wanda ya fi wahala a kan mara lafiyar shi ake zargi.

Hajiya Yalwa:
Likita ta gama magana. Ni shekara 9 na yi ina jinyar maigidana da wannan ciwon kafin Allah ya karɓi abinsa. 'Yata Maman Ilham, idan kin dawo ki karanta wannan. Ki daina gaya mata mijinta ya rasu. Na yi wannan kuskuren da nawa, shi mahaifiyarsa yake nema. Wata uku ina sa dattijo kukan maraici kullum, ina ganin gaskiya nake faɗa. Ranar da na daina, ranar muka fara samun barci.

Malam Habu:
Hajiya, to me za ta ce? Ta ce yana hanya? Ƙarya dai ƙarya ce, balle ga uwa. Ni ban ga yadda za a yi ɗa ya dubi mahaifiyarsa ya shirga mata ba, ko da sunan tausayi.

Hajiya Yalwa:
Malam, ban ce ta ce yana hanya ba. Ni in Alhaji ya ce ina Inna, sai in ce, "Kana kewarta ko? Ba ni labarinta." Sai ya kama, ya yi ta zuba, fuskarsa ta saki, har ya manta ya yi tambaya. Ina ƙaryar a nan? Abin da na gane a shekarun nan shi ne ba amsar yake nema ba. Tsoro yake ji, magariba ta yi, bai gane ɗakin ba, yana neman wanda ya saba fakewa a wurinsa.

Ummu Nana:
Ni kam gaskiya na sha ce wa kakata "ya fita, zai dawo", kuma ban yi nadama ba. Wani lokacin dabarar Hajiya ba ta ci, za ta tsare ki da ido sai kin ba ta amsa. In zaɓi tsakanin kalma huɗu da kukan awa biyu? Malam ku yi haƙuri, wanda bai kwana da irin wannan mara lafiyar ba ba zai gane ba.

Malam Habu:
'Yata, ba a nan take ba. Idan ranar da hankalinta ya ɗan dawo ta gane kina mata ƙarya fa? Wa za ta sake yarda da shi? Ga shi dama tana zargin kowa.

Ummu Nana:
Wannan kuma gaskiya ne, ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya. Ta ce, "Ke, ba ya mutu ba?" Na rasa inda zan sa kaina.

Dakta Rabi:
Ku duka kuna da hujja, kuma ko masu aikin jinya ba su gama daidaitawa a kan wannan ba. Abin da nake gaya wa iyalai: a fara da hanyar Hajiya, a amsa damuwar, a karkatar da hira. Idan ita da kanta ta tambaya kai tsaye, "Ya mutu ko?", alama ce a ranar tana riƙe da gaskiyar, sai a ce mata e, a zauna da ita. Abin da ba shi da amfani ko kaɗan shi ne gardama da jarrabawa. "Mama ba na gaya miki ɗazu ba?" "Mama wane ne wannan, kin gane shi?" Za ta manta maganar, amma ɓacin ran yana daɗewa a jikinta bayan dalilinsa ya ɓace. Sai ku ga tana fushi ita ma ba ta san me ya sa ba.

Rikicewar yamma kuma sananniya ce a ciwon nan. A kunna fitila tun kafin duhu ya shiga, a rage hayaniya da baƙi a lokacin, a samu ta ɗan taka da rana, a rage mata dogon barcin rana.

Sarkin Lafiya:
*(An goge wannan saƙon)*

Mai Kula da Zaure:
Mun goge tallan maganin "dawo da ƙwaƙwalwa cikin kwana 7". Wanda ya sake, za mu fitar da shi. Ku ji tsoron Allah, mutane na cikin damuwa kuna neman kasuwa.

Abba Ƙarami:
Amma Dakta na gani a intanet an samo maganin Alzheimer a Amurka. Ba gaskiya ba ne?

Dakta Rabi:
Rabin gaskiya ne. An amince da lecanemab a Amurka a 2023, da donanemab a 2024. Suna share amiloyid ɗin nan, suna ɗan rage saurin ciwon ga wanda yake matakin farko. Ba sa warkarwa, ba sa dawo da abin da ya tafi, yawanci ta jijiya ake ba da su, kuma sai ana bibiya da hoton ƙwaƙwalwa saboda suna iya kawo kumburi ko zubar jini a cikinta. Waɗanda aka daɗe da su, irin su donepezil da memantine, suna taimaka wa wasu na wani lokaci. Donepezil na iya rage bugun zuciya, don haka ba abin da za a saya a kemis ba ne don an gani a zaure.

Malam Habu:
To kin dawo kan maganata ke nan, Likita. Tunda babu waraka, wahalar asibitin ta mece ce?

Dakta Rabi:
Saboda ba duk mantuwa ce Alzheimer ba, Baba. Ƙarancin bitamin B12 na kawo ta. Raunin tayiroyid, gaɓar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, na kawo ta. Ciwon damuwa na sa tsoho ya yi shiru ya zama kamar ya manta komai. Jini na iya taruwa a hankali a cikin kai bayan 'yar faɗuwar da kowa ya manta da ita. Magungunan barci ma haka. Duk waɗannan ana iya gyarawa, kuma da gwajin jini da hoto ake gane wasu daga cikinsu. Babban rashi ne a bar mutum shekaru a kan abin da allura za ta iya magancewa.

Ko da dimenshiyar ce, sanin irinta na da amfani. Akwai wadda hawan jini da ƙananan shanyewar jiki ke kawowa. Ita tana sauka ne kamar matakala, a tsaya, a sake faɗuwa, kuma kula da hawan jini da suga na rage aukuwar na gaba. Akwai ta Lewy, mai sa ganin mutane ko dabbobi ƙarara, da taurin jiki da tafiyar sanɗa, yau garau gobe a rikice. Masu ita, wasu magungunan da ake ba masu taɓin hankali, irin haloperidol, na iya yi musu mummunar illa. Ka ga in ba a sani ba, garin neman kwantar da shi sai a kwantar da shi gaba ɗaya. Akwai kuma wadda ke kama gaban ƙwaƙwalwa, sau da yawa tsakanin shekara 45 zuwa 65, ita ba da mantuwa take farawa ba, da sauyin hali take farawa: mutum mai kunya ya koma faɗin abin da ya ga dama. Irin wannan aure ma yana mutuwa a kanta kafin a gane ciwo ne.

Hajiya Yalwa:
Kuma sani yana sa a shirya. Da mun san da wuri, da Alhaji ya faɗi da bakinsa yadda yake so a yi da harkokinsa tun yana iya sa hannu. Da mun karɓe makullin mota kafin ranar da ya fita aka kwana ana nemansa. Bayan nan na ɗinka masa lambar wayata a cikin kowace riga.

Sannan maganar da ba a son faɗa. Akwai daren da na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi ihu cikin tawul, na ce Allah ka ɗauke ɗayanmu. Na yi shekaru ina jin kunyar wannan. Yanzu na san gajiya ce, ba rashin so ba. Maman Ilham, wannan yayan naku mai cewa da gangan take yi, kada ki yi musu da shi. Ki bar masa ita kwana 2 cur, dare da rana, ki tafi ki yi barci. Zai dawo da wata maganar.

Ummu Nana:
Hajiya kin sa ni kuka. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ni ma na yi irin wannan addu'ar.

Abba Ƙarami:
Allah ya saka muku. Kuma kullum mata ake bar wa jinyar, mu maza sai dai mu kira waya mu ce yaya jikin nata.

Malam Habu:
Likita, tunda an zo nan bari in faɗi abin da ya sa nake ta ja. Shekarata 67. Mahaifina haka ya ƙare, bai san kowa ba. Kwanakin nan sunaye na ɓace min, kuma in ana hira a taro sai in ji kamar an bar ni a baya. Yara na cewa sun gaya min abu, ni ban san an yi ba. Gado ne?

Dakta Rabi:
Na gode da kuka faɗa, Baba, ba kowa ke iyawa ba. Irin wadda ake gada kai tsaye daga uba zuwa ɗa ba ta da yawa, kusan 1 cikin 100 ce ko ƙasa da haka, kuma yawanci tana bayyana tun kafin shekara 60. Samun mahaifi mai ciwon na ƙara haɗari, amma ba hukunci ba ne.

Abin da kuka kwatanta kuma, ni kunnenku zan fara dubawa. Abin da kunne bai ɗauka ba, ƙwaƙwalwa ba ta da abin adanawa, sai a ce mutum ya manta alhali bai ji ba ne. Raunin ji ma da kansa yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu dimenshiya. A ciki akwai hawan jini, suga, shan taba, ƙiba, rashin motsa jiki, kaɗaici, raunin ji, da raunin gani irin na yanar ido da ba a cire ba. Ku je a duba kunne da ido da jini, a yi muku ɗan gwajin tunani, minti 15 ne. Ku tafi da wanda kuke zaune tare, domin shi zai faɗi abin da ku ba ku lura ba.

Malam Habu:
To. Kunnen kam uwargida ta daɗe tana faɗa. Amma maganar ƙarya ina nan a kan bakana.

Hajiya Yalwa:
Ka zauna a kai, Malam, ba mai tashinka.

Maman Ilham:
'Yan uwa ku gafarce ni, kwana 6 ban leƙo ba, muna asibiti. Dakta Rabi, Allah ya biya ki. Ƙwayoyin cuta ne a fitsari, ga ƙarancin ruwa. A rana ta uku da fara magani ta buɗe ido ta kira sunana. Mutanen ɗakin ma sun tafi. Likitan ya ce mantuwar ta da tana nan, a bari ta warware na wasu makonni sannan a yi gwajin ƙwaƙwalwa, yanzu in an yi ba zai nuna daidai ba. An ɗebi jini na B12 da na wuya, muna jira.

Yaya ya kwana biyu da ita a asibitin. Bai ce min komai ba, amma jiya ya turo a tambayi likita ko akwai abin da zai karanta.

Hajiya, na gwada. Da yamma ta ce Babanku bai dawo ba, na ce Mama wai a ina kuka fara haɗuwa? Ta yi dariya har da rufe baki, ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba a shekara 44 da na yi a duniya. Bayan minti 20 ta sake tambaya. Na sake cewa a ina kuka haɗu, ta sake ba ni, da dariyar da komai.

Jakar kuma mun same ta cikin rigar matashin kai, kuɗin cif. Yanzu lambar yarinyar nan da muka sallama nake nema.